Wa Ke Cin Ribar "Kowa da Gaskiyarsa"?

A shekarar 2004 wani shehin malami Bafaranshe, Bruno Latour, ya fitar da wata maƙala a mujallar Critical Inquiry ta Jami'ar Chicago wadda ta sa almajiransa suka yi tsuru-tsuru. Sama da shekara 25 ke nan yana koya wa duniya cewa abin da ake kira tabbataccen sakamakon kimiyya ba daga sama yake faɗowa ba. Tsakanin 1975 da 1977 ya tare a wani ɗakin gwaje-gwaje a Kalifoniya yana lura da masu binciken: wa ke ba su kuɗi, wa ke gasa da wa, ta yaya zaton jiya ke wayar gari ya zama abin da "kowa ya sani". Littafin da suka rubuta a kan haka shi da Steve Woolgar ya fito a 1979, ya kuma tara mabiya. To, a waccan maƙala sai ga shi yana cewa hankalinsa a tashe yake. Masu musun ɗumamar duniya sun ɗauki hujjoji irin nasa sak suna yaƙi da su: ai kimiyya ba ta gama tabbatarwa ba, ai masu binciken ma suna da inda suke ci. Har maƙwabcinsa a ƙauyen da yake zaune a tsakiyar Faransa yana yi masa kallon sakarai, don kawai ya yarda cewa 'yan ta'adda ne suka kai harin 11 ga Satumba a Amurka. Da can ɗan ƙauye ake yi wa dariyar saurin yarda, yanzu farfesa ake yi wa.

Latour bai ce ya tuba ba. Cewa ya yi tun farko nufinsa a matso kusa da abin da ya tabbata, a ga irin wahalar da ake sha kafin a same shi. Sai dai waɗanda suka ari hujjar ba su tambaye shi niyyarsa ba.

Abin da ya tayar masa da hankali ya iso nan tuntuni, kuma bai biyo ta ajin falsafa ba. Kawo wa mutum takarda mai kwanan wata da sa hannu, ya ce maka, "Wannan ra'ayinka ne." Matsa masa kaɗan, ya ce, "Kowa da fahimtarsa." In ka ƙi saki sai a bar maganar a koma kanka: nawa aka biya ka, yaron wane ne kai, wane malami kake bi. Da murya mai taushi ake faɗin waɗannan kalmomi, irin ta mai son zaman lafiya, shi ya sa ake ɗaukarsu tawali'u. Ni kuwa ina ganin ruɗani ɗaya ne a ƙarƙashinsu, wanda masana suka daɗe da warwarewa: an cakuɗa "saninmu yana da iyaka" da "babu abin da za a sani". Na farkon duk mai hankali ya yarda da shi. Na biyun akwai masu cin ribarsa, kuma talaka ba ya cikinsu.

Gardamar ta tsufa. A ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) an yi wani malami a Girka, Furotagoras, mutumin garin Abdera, da yake yawo birni-birni yana koya wa 'ya'yan masu hali dabarun cin gardama, ana biyansa kuɗi masu kauri. Koyarwarsa da ta fi shahara ita ce ɗan Adam ne ma'aunin komai: yadda abu ya bayyana gare ka, haka yake a wurinka. Aflatun ya tattauna wannan a littafinsa Theaetetus ta bakin malaminsa Sukurat, har ya kawo misalin da ya fi taimakon abokin gardamar. Iska ɗaya ce ke kaɗawa, wani yana rawar ɗari, wani ko a jikinsa. Wa za ka ce ya yi kuskure? Babu. Daga nan ya mayar da martani biyu. Na farko, in duk abin da mutum ya ɗauka daidai ne a wurinsa, to masu ganin Furotagoras ya yi kuskure su ma sun yi daidai, kuma su suka fi yawa. Wannan aka fi maimaitawa, amma na biyun ya fi kama ni, don ya shafi gobe. Mutum ya ce zazzaɓi zai kama shi, likita ya ce ba zai kama shi ba. Yau kowa na iya riƙe nasa. In gari ya waye ɗayan biyu za a gani, ko jiki ya yi zafi ko bai yi ba. Shi kansa Furotagoras, in ba ya ganin ya fi ɗalibansa sanin maganar da za ta ci a gaban alƙali gobe, kuɗin me yake karɓa?

Malaman Musulunci sun gaji wannan gardama, ba su kuma raina ta ba. Aƙidar Nasafi, wanda ya rasu a 1142, kafin ta shiga maganar Allah da Manzanni sai da ta fara kafa cewa abubuwa suna da haƙiƙa kuma ana iya saninta. Taftazani da ya yi mata sharhi a ƙarni na 14 ya kasa masu musun haka gida uku: inadiyya, masu cewa haƙiƙar ma babu ita; la'adriyya, masu shakka har suna shakkar shakkarsu; sai indiyya, masu cewa haƙiƙa tana bin abin da mutum ya ƙudurta, in ya ce haka ne to haka ne a wurinsa. Gida na ƙarshen nan shi ya cika Facebook da majalisun bakin titi a yau, sai dai mazaunansa ba su san an raɗa musu suna tun shekara 600 da suka wuce ba. Ibnu Sina kuwa haƙurinsa ƙarewa ya yi. A cikin littafinsa Shifa ya ce wanda ya nace cewa abu zai iya kasancewa kuma bai kasance ba a lokaci guda, maganinsa a yi ta dukansa har ya yarda duka da rashin duka ba ɗaya ba ne. Maganin ya yi tsauri, amma an gane inda ya dosa: ba wanda ke rayuwa a kan wannan aƙida. Mai cewa babu gaskiya yana ƙirga canjinsa.

Adalci ne a faɗi abin da ya farfaɗo da ra'ayin a ƙarni na 20, don ba shashanci ya kawo shi ba. Turawan mulkin mallaka sun zo da "gaskiya ɗaya" a aljihu, ita ce tasu. Masanin falsafa Hegel ya koyar a Berlin cewa Afirka ba ta cikin tarihin duniya, kuma har a 1963 farfesan tarihi na Oxford, Hugh Trevor-Roper, yana maimaita irin wannan magana, alhali ga Infaƙul Maisuri, ga tarihin sarakunan Kano a rubuce, ga ɗakunan littattafan Timbuktu. Da sunan kimiyya aka auna ƙoƙon kan mutane aka jera jinsuna daga sama zuwa ƙasa. Wanda ya ga wannan ya ce a daina auna kowa da ma'aunin Turai, abin kirki ya yi. Zarcewar da aka yi ita ce matsalar.

Dubi shahararren misalin rumbun Azande. E. E. Evans-Pritchard ya zauna da wannan al'umma a kudancin Sudan, ya fitar da littafinsa a kan maita a wurinsu a 1937. Rumbunansu a kan dirkoki suke, in rana ta take mutane kan fake a inuwar ƙarƙashi suna hira ko wata 'yar sana'a. Gara tana cin dirkokin a hankali, wata rana rumbu ya rufto ya danne mutum. Azande sun san gara ce ta ci itacen, ba sai an koya musu ba. Tambayarsu daban ce: me ya sa sai a wannan sa'a, sai da wane yake zaune a wurin? Amsarsu maita. A 1964 masanin falsafa Peter Winch ya ce Evans-Pritchard ba shi da hurumin cewa kimiyya ta dace da haƙiƙa amma maita ba ta dace ba, domin abin da ake nufi da haƙiƙa a cikin harshe da rayuwar kowace al'umma yake, babu wani tudu a waje da mutum zai hau ya yi alƙalanci. Magana ce mai daɗin ji a ɗakin taro a Ingila. Amma zargin maita ba ya tsayawa a kan rumbu, a kan mutum yake sauka, galibi tsohuwa marar gata. A Yulin 2020, a garin Kafaba da ke arewacin Ghana, aka lakaɗa wa wata tsohuwa mai shekara 90 duka har ta mutu, jama'a na kallo ana ɗauka da waya, bayan wata mai duba ta nuna ta. Ko ita ta jawo abin da ake zarginta da shi ko ba ita ba, tambaya ce mai amsa ɗaya, kuma ran tsohuwar a kan amsar yake rataye. Shi ya sa wasu manyan masana falsafar Afirka suka ƙi karɓar wannan kyauta. Kwasi Wiredu na Ghana, duk da kishinsa na a 'yantar da tunanin Afirka daga na Turawa, ya fitar da littafi a 1996 yana kare cewa akwai ƙa'idojin tunani da duk 'yan Adam suka yi tarayya a kansu, in ba haka ba da ko fahimtar juna ba za mu yi ba. Paulin Hountondji na Benin ya soki masu tattara al'adun gargajiya su kira su falsafar da al'umma ta yi ittifaƙi a kai, kamar Bature ne kaɗai ke da gardama da hujja, mu kuwa sai "yadda muke ganin duniya", a lallaɓa kada a taɓa.

To amma masu cewa kowa da tasa suna da wata hujja da ta fi waɗannan ƙarfi, wato halin da falsafar kanta take ciki. Sama da shekara 2,300 bayan Aristo, ba a daidaita a kan mece ce gaskiya ba. Wasu sun ce dacewar magana da abin da ke waje ce. Wasu suka ce jituwarta da sauran abubuwan da muka yarda da su. William James da abokansa a Amurka suka ce ita ce abin da ya yi aiki in an gwada shi a rayuwa. Wasu kuma suka ce kalmar ba ta ɗauke da wani sirri, wanda ya ce "gaskiya ne an yi ruwa" bai ƙara komai a kan "an yi ruwa" ba. A wani jin ra'ayi da aka yi a 2020 na malaman falsafa kusan 1,800 masu rubutu da Ingilishi, kimanin rabi ne kawai suka zaɓi ra'ayin farko, kusan kashi ɗaya cikin huɗu suka zaɓi na ƙarshen. Masanin falsafa Kant kuwa tun 1781 ya nuna cewa in hankali ya tsallake abin da ake iya riska, kamar tambayar ko duniya tana da farko a lokaci, zai iya kafa hujja a kan e, ya sake kafa wata a kan a'a, duka biyun su tsaya da ƙafafunsu.

Sai mai sauraro ya ce, "Kun ji ko? Masu abin ma ba su sani ba." A nan ake zamewa. Saɓani a kan ta'arifin gaskiya daban, saɓani a kan ko an yi ruwa jiya daban. Har yau ana gardama a kan mece ce lamba, tana da samuwa ko ƙirƙirarmu ce, amma ba mai gardama a kan bakwai sau takwas. A wancan jin ra'ayin ma kusan kashi 80 cikin 100 sun yarda akwai duniya a wajen ƙwaƙwalwarmu, kuma ana iya saninta. Kant ya shata inda hujja take ƙarewa ne don ya tsare abin da ke cikin iyakar.

Ba wanda ya fi Imam Gazali iya tsayawa a wannan gaɓa, kuma ba wanda aka fi yi wa gurguwar fahimta a kanta. A cikin littafinsa Munƙiz ya ba da labarin yadda shakka ta kama shi kusan wata biyu. Da ido ya fara. Kana kallon inuwa kamar a tsaye take, bayan sa'a guda ka ga ta gusa. Kana ganin tauraro bai fi dinari ba, lissafi ya nuna ya fi ƙasa girma. To in hankali ya ƙaryata ido, ina tabbacin babu wani alƙali a bayan hankali da zai ƙaryata shi, yadda farkawa ke ƙaryata mafarki? Ya ce ba jera hujjoji ne ya fitar da shi ba, haske ne Allah ya jefa a ƙirjinsa. A Tahafutul Falasifa kuma ya bi Farabi da Ibnu Sina a mas'ala 20, yana nuna cewa abin da suke kira yankakkiyar hujja a kan dawwamar duniya da ilimin Allah bai cika sharuɗɗan da su da kansu suka gindaya ba. Wannan rabin shi ne ya iso kunnen yawancinmu: Gazali ya rusa falsafa, a nisance ta.

Ɗaya rabin ba a cika karanta shi ba. A gabatarwar Tahafutul Falasifa ɗin ya ware batun husufi, wato wata ya shiga inuwar ƙasa, ko ya gitta tsakaninmu da rana. Ya ce wanda ya tashi musun wannan da sunan kare addini, addinin ya cuta. Dalilinsa shi ne, mutumin da ya san lissafin har yana iya faɗin lokacin da za a yi husufi da tsawonsa, in ka ce masa shari'a ta saɓa wa hakan, ba zai yi shakkar lissafinsa ba, shari'ar zai yi wa shakka. Shi ne kuma ya sa gabatarwa ta manɗiƙi a farkon Mustasfa, littafinsa na usulul fiƙhu, ya ce wanda bai mallake ta ba iliminsa ba abin dogaro ba ne. A wannan littafin ya goyi bayan cewa kowane mujtahidi ya dace a mas'alolin da babu yankakken dalili a kansu, amma ya ƙi a faɗaɗa hakan zuwa abin da hankali ko nassi ya riga ya yanke. Ga iyakar nan a fili. Kabalu ko sadalu, malamai sun saɓa, kowa da madogararsa, sai a zauna lafiya. Ko an cinye kuɗin rijiyar burtsatse ko ba a cinye ba, wannan ba mas'alar ijtihadi ba ce, kuma "saɓanin malamai rahama ne" ba ta da aiki a wurin.

Wannan gado ya iso ƙasar Hausa da wuri. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a wajajen 1492, ya yi rubutu a manɗiƙi, ya kuma yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi na Masar wanda ya haramta shagala da fannin. Matsayin Magili shi ne fitowar ilimin daga Girkawa bai isa dalilin ƙinsa ba matuƙar abin da ya ƙunsa daidai ne. Mai Ahalarin nan da ake fara fiƙhu da shi a zaure, shi ne mai Sullam, waƙen manɗiƙi da ɗalibai ke haddacewa. Ummul Barahin ta Sanusi da hukunce-hukuncen hankali uku take buɗewa: wajibi, mustahili, ja'izi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ja wa wannan ilimi linzami sa'ad da wasu suka riƙa kafirta talakawa don ba su san hujjojin ilimin kalam ba, ya yi rubuce-rubuce da yawa yana tsawata musu. Jikansa kuma, Abdulƙadir ɗan Tafa na Salame, ya rubuta littattafai a falsafa. Gida ɗaya ya san inda hujja take tsayawa, ya kuma san amfaninta kafin a kai wurin.

Mu gargaɗin muka riƙe, kayan aikin muka yar. A jami'a akwai darasin falsafa da manɗiƙi na gama-gari, amma da yawa dare ɗaya suke haddace shi su juye a takardar jarrabawa. Shi ya sa muka wayi gari da rukuni biyu masu kama da abokan gaba. Ɗaya na cewa gaskiya ɗaya ce, tana wurin malamina, ba tambaya. Ɗaya na cewa kowa da tasa. Duka biyun sun ajiye hujja, suna yanke hukunci da wanda ya faɗa. Saurayin da ya tashi a rukunin farko, ranar da ya ga malamai biyar sun faɗi abu biyar a TikTok, kai tsaye yake faɗawa na biyu, don wa ake bi aka koya masa, ba a taɓa koya masa yadda ake auna magana ba.

Ka ƙaddara an soke mudu a kasuwar hatsi, an ce kowa ya auna da abin da ya ga dama. Tsohuwar da ta kawo 'yar geronta ba ta sami 'yanci ba, domin kwanon dillali mai jari da yara shi za a yi awo da shi. Masu ƙarfi sun gane wannan tun kafin malaman jami'a su farga. A 1969 wata takardar cikin gida ta kamfanin taba na Amurka, Brown & Williamson, ta faɗa ƙarara cewa shakka ita ce hajarsu, don da ita za su goga da tarin hujjojin da suka riga suka zauna a zukatan jama'a. Ba su buƙatar ka yarda taba lafiya ce, ya ishe su ka ce masana sun saɓa a kan kansar huhu. A Afirka ta Kudu, Shugaba Thabo Mbeki ya rungumi 'yan tsirarun masu shakkar cewa ƙwayar HIV ce ke kawo ƙanjamau, ya sa wa abin rigar yaƙi da rainin Turawa, gwamnatinsa ta yi ta jan ƙafa wajen raba magani. Wani nazari na Jami'ar Harvard a 2008 ya ƙiyasta cewa rayuka sama da 330,000 aka rasa tsakanin 2000 da 2005 saboda wannan jinkiri.

Kano ta ga fuska biyu na abin cikin ƙasa da shekara goma. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kimanin 200, rabi aka ba su shi, rabi aka ba su wani magani. Yara 11 suka mutu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɗaya ɓangaren, wasu suka naƙasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi ɓarnar. Da me iyayen yaran suka dogara? Da abubuwa masu kwanan wata. An nemi izininsu ko ba a nema ba? Takardar amincewar kwamitin ɗa'a yaushe aka rubuta ta? Binciken da jaridar Washington Post ta fara bugawa a ƙarshen 2000 ya kai ga bankaɗo cewa daga baya aka rubuta takardar, aka sa mata tsohon kwanan wata. Irin waɗannan ne suka ba ƙarar nauyi har aka yi sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin Kano a 2009. Da a ce duniya ta yarda kamfani na da labarinsa, iyaye na da nasu, ba mai raba gardama, da labarin mai manyan lauyoyi ne ya tsaya.

A 2003 kuma aka ƙaurace wa ɗigon rigakafin shan-inna bisa zargin an sa masa maganin hana haihuwa. Tsoron yana da tushe, wanda ya ga 1996 ba za a ce masa ya cika zargi ba. Amma zargin abu ne da ake iya aunawa: ko akwai abin a cikin kwalbar ko babu. Aka yi ta gwaje-gwaje a gida da waje, sai dai an riga an shiga halin da ake duba wa ya yi gwajin kafin a duba me ya nuna. Kano ba ta dawo ba sai Yulin 2004, bayan an samo rigakafin daga Indonesiya. Daga 2003 zuwa 2006 ƙwayar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20 da a baya suka rabu da ita, har da Yaman da Indonesiyar kanta. Yaran da ƙafafunsu suka shanye a lokacin yau samari ne da 'yan mata, muna ganinsu a kan kekunan guragu.

Hannah Arendt, wadda ta tsere wa mulkin Hitler, ta lura da wani abu a maƙalarta ta 1967 a kan gaskiya da siyasa. Ƙa'idar lissafi in an ƙone littafinta akwai damar wani ya sake gano ta. Abin da ya faru kuwa, wane ya yi, yaushe, a ina, in shaidu suka mutu takardu suka ɓace, ya tafi ke nan. Ta kuma ce in aka yi ta ɗura wa jama'a ƙarya, ƙarshenta ba yarda za su yi da ita ba, daina yarda da komai za su yi. Mu mukan ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Karin maganar ya ɗauka akwai wanda zai bi ramin har ƙarshe, kuma in ya dawo ya faɗi abin da ya gani za a saurare shi. Sharaɗi na biyun nan shi ne yake suɓuce mana.

A Disambar 2018 sai da Shugaba Muhammadu Buhari ya tsaya gaban 'yan Najeriya mazauna Poland ya ce shi ne da kansa, ba wani Jubril daga Sudan ba. An yi dariya, amma akwai waɗanda bayanin bai gusar da su ba, suka ci gaba da auna kunnuwa a hotuna. A ƙarshen wannan watan a Gabon, Shugaba Ali Bongo, wanda ya yi makonni ba a gan shi ba bayan shanyewar ɓarin jiki, ya fito a bidiyon jawabin sabuwar shekara, fuskarsa a sandare. Nan take aka ce kwamfuta ce ta haɗa shi. Ranar 7 ga Janairun 2019 wasu sojoji suka ƙwace gidan rediyo, suna kafa hujja da jawabin cewa ba zai iya mulki ba. Yunƙurin bai yi nasara ba, kuma masu binciken da suka duba bidiyon ba su ga alamar haɗi ba. Ba a ma buƙaci bidiyon ƙarya ba, yiwuwarsa kaɗai ta ba da gudunmawa.

Wannan duk kafin manhajar kwaikwayon murya da fuska ta shiga wayar kowa ne. Gani ya kori ji, in ji magabata. Yanzu ganin ma sai an kawo masa shaida. An fi maganar haɗarin a yarda da bidiyon ƙarya, amma ɗaya haɗarin ya fi dacewa da masu mulki: duk wanda aka kama dumu-dumu yana da amsa a shirye, "Haɗi ne, aikin maƙiya ne," kuma jama'ar da suka saba da kowa da gaskiyarsa ba su da dalilin matsa masa. In muryar wani ɗan takara ta fito ana saura kwana uku zaɓe, ta gaske ce ko ta bogi, magoya bayansa za su ce haɗi ce, 'yan adawa su ce shi ne, kowa ya tsaya inda yake tun kafin ya saurara. Kotu sai ta shekara. Masu tantance labarai da Hausa ba su da yawa, kuma kafin rahotonsu ya fito saƙon ya riga ya zaga zaurukan WhatsApp, sojojin baka sun yi kwana biyu suna kansa a rediyo, wanda rahoton ya isa hannunsa kuma tambayarsa ta farko ita ce wa ke ɗaukar nauyin masu tantancewar.